Yadda ake gano ƙwayoyin cutar da kaska ke yaɗawa a jikin dabbobi

Kaska na cikin halittun da suka fi jawo wa masu kiwo asara a ƙasashe masu zafi. Jinin da take sha da raunin da take yi wa fata ɓarna ce da ido ke gani, amma babbar illarta ita ce ƙwayoyin cutar da take ɗura wa dabba ta cikin yawunta. Daga cikinsu akwai rukunin bakteriya, waɗanda wasunsu kan kayar da sa ko rago cikin 'yan kwanaki, wasu kuma su kama mutum.

Lamarin bai tsaya ga makiyayan ruga kaɗai ba. 'Yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da dama a birane suna zuba jarinsu a kiwon turke, ko tanadin ragunan layya, ko shanun madara masu jinin ƙasashen waje. Idan dabba ta kwanta, alamomin kan yi kama da juna: zazzaɓi, ƙin cin abinci, kasala da rama. Ana iya ganin irin waɗannan alamomi a cutar sammore ko ciwon hanta, alhali maganin kowace daban ne. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, shi ya sa ake bukatar gwaji. Sai dai gwaje-gwajen iri-iri ne, kuma kowanne akwai tambayar da yake amsawa. Wanda bai san wannan ba zai iya riƙe takardar sakamako ta gaskiya, amma ya yi mata fassarar da za ta jawo masa asara.

Kaska da yadda take ɗaukar cuta

Masana sun ƙididdige nau'in kaska kusan 900 a duniya. Kimanin 700 masu taurin baya ne, waɗanda ke maƙale wa dabba kwanaki suna shan jini. Sauran masu taushin jiki ne, suna ɓuya a ramukan ɓeraye da tsagar bango da akurkin kaji, su fito su sha jini na ɗan lokaci su koma.

Kaska mai taurin baya tana bin matakai huɗu: ƙwai, sai 'yar mitsitsiya mai ƙafa shida, sai matsakaiciya mai ƙafa takwas, sannan babba. A kowane mataki bayan ƙyanƙyasa sai ta sha jini kafin ta wuce gaba. Idan ta sha jinin dabba mai ɗauke da cuta tana ƙarama, ƙwayar kan zauna a jikinta har ta girma ta zuba wa wata dabbar. Akwai kuma ƙwayoyin da ke wucewa daga uwa zuwa ƙwanta, ta yadda dubban 'ya'yan za su ƙyanƙyashe da cutar a jikinsu.

A yankin Afirka ta Yamma, rukuni uku ne suka fi damun dabbobi. Akwai Amblyomma variegatum, babbar kaskar nan mai dogon baki wadda namijinta ke da ado mai launi a baya. Ta fi son hantsa da hammata da ƙasan ciki, kuma manyanta sun fi yawa a farkon damina. Akwai nau'o'in Hyalomma, masu ƙafafu ratsi-ratsi, waɗanda ke jure fari da zafin yankin Sahel. Sai nau'o'in Rhipicephalus, waɗanda cikinsu akwai baƙuwa mai suna Rhipicephalus microplus. An ba da rahoton ganinta a Kwaddibuwa a shekarar 2007, ana danganta shigowarta da shanun da aka kawo daga Burazil. Daga baya aka tabbatar da ita a wasu ƙasashen yankin har da Najeriya, kuma ta yi suna wajen bijire wa magungunan feshi.

Manyan ƙwayoyin da ake nema

Ta farko ita ce Ehrlichia ruminantium, mai haddasa cutar taruwar ruwa a jakar zuciya. Kaskar Amblyomma ce ke yaɗa ta ga shanu da tumaki da awaki. Wani masani Ba'amurke mai suna Edmund Cowdry ne ya gano ƙwayar a Afirka ta Kudu a 1925. Tana zama a cikin fatar da ta shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini, ta sa ruwa ya riƙa tsattsafowa zuwa ƙirji da huhu da ƙwaƙwalwa. Zafin jikin dabba kan haura 41 a ma'aunin Salshiyas, sai ta fara tangaɗi, tana kewaya wuri ɗaya, tana tauna ba komai a baki, daga ƙarshe ta faɗi tana shure-shure.

Ta biyu ita ce Anaplasma marginale, wadda Arnold Theiler ya bayyana a Afirka ta Kudu a 1910. Tana shiga jajayen ƙwayoyin jinin shanu, jiki kuma ya riƙa lalata waɗanda suka kamu, sai jini ya ƙaranta, ido da dasashi su yi fari ko rawaya irin ta shawara. Ta fi tsanani ga manyan shanu a kan maruƙa. Ban da kaska, ana yaɗa ta ta allurar da aka yi wa dabbobi da yawa ba tare da canzawa ba, da wuƙar fiɗiya, da ƙudaje masu cizo. Saniyar da ta warke kan ci gaba da ɗaukar ƙwayar tsawon rayuwarta.

Ta uku ita ce Rickettsia africae, wadda ta fi damun mutum a kan dabba. Ita ma Amblyomma ce ke ɗauke da ita, kuma tana wucewa daga uwa zuwa ƙwai. Wanda ya kamu kan yi zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa, kuma a wurin cizon kan fito baƙin tabo mai jan kewaye. An amince da ita a matsayin nau'i mai zaman kansa a 1996.

Ta huɗu ita ce Coxiella burnetii, mai jawo zazzaɓin Q. Likita Edward Derrick ne ya bayyana cutar a 1937, bayan ta ɓulla tsakanin ma'aikatan mayanka a birnin Brisbane na Ostareliya. Tana sa awaki da tumaki ɓari. Ko da yake ana samunta a jikin kaska, mutane sun fi kamuwa ta hanyar shaƙar ƙurar da ta gurɓata da mabiyiya da ruwan haihuwar dabba. Tsakanin 2007 da 2010 cutar ta kama mutum fiye da 4,000 a ƙasar Holan, kuma an gano tushenta a gonakin awakin madara.

Akwai kuma nau'o'in Borrelia. Ɗaya daga cikinsu, Borrelia crocidurae, kaska mai taushi da ke ramukan ɓeraye ce ke yaɗa ta a ƙasashe irin su Senegal da Mali da Muritaniya. Tana jawo zazzaɓin da ke sauka ya dawo, kuma sau da yawa akan ɗauke shi zazzaɓin cizon sauro ne.

Abubuwa biyu suna bukatar rarrabewa a nan. Cutar fitsarin jini ta shanu kaska ce ke yaɗa ta, amma ƙwayarta mai suna Babesia ba bakteriya ba ce, kuma maganinta daban ne. Ƙarancin jini tare da jan fitsari ya fi nuni ga Babesia, domin Anaplasma ba ta sa fitsari ya yi ja. Shi kuwa kirci, bakteriya mai suna Dermatophilus congolensis ce ke jawo shi. Ba kaska ce ke ɗura ta ba, amma cizon Amblyomma yana raunana garkuwar jikin dabba har kircin ya bazu ya yi muni.

Ɗaukar samfuri

Ingancin gwaji yana farawa ne daga turke, tun kafin a isa ɗakin gwaje-gwaje. Lokacin da ya fi dacewa a ɗebi jini shi ne sa'ad da dabba ke cikin zazzaɓi, kuma kafin a yi mata allura, domin magani kan rage ƙwayoyin har su ɓace wa mai dubawa. Likitan dabbobi kan ɗebi jinin daga jijiyar wuya ya zuba a kwalba biyu. Ɗaya tana da sinadarin EDTA mai hana jini daskarewa, wadda galibi murfinta shunayya ne. Ɗayar babu komai a ciki, don jinin ya daskare a tsame ruwan da ke samansa. Ana ajiye su cikin sanyi har a kai su. Inda babu ƙanƙara, akwai takarda ta musamman da ake ɗiga jini a kai ya bushe, ta adana shi ba tare da firji ba.

Kaska kuwa da hantsaki ake cire ta, a kama ta dab da fata don kada bakinta ya karye a ciki, domin siffar bakin na cikin abin da ake gane nau'inta da shi. Sai a jefa ta a kwalba mai sinadarin sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. A rubuta ranar da aka cire ta, da garin, da irin dabbar, da sashen jikin da aka same ta. Kada a haɗa kaskar dabbobi daban-daban a kwalba ɗaya. Murƙushe kaska da yatsu yana da haɗari, saboda nau'in Hyalomma kan ɗauki ƙwayar bairos mai jawo zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda ke kashe mutum.

Duba da madubin likita

Wannan ita ce hanya mafi tsufa kuma mafi araha. Ana shafa ɗigon jini a kan gilashi, galibi wanda aka tsaga daga ƙarshen kunne ko wutsiya, a rina shi da rinin Giemsa, a duba da madubin likita. Anaplasma marginale kan bayyana kamar ɗigo mai duhu a gefen jar ƙwayar jini. A lokaci guda akan auna kaurin jinin, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikinsa. A saniya mai lafiya yakan kasance tsakanin kashi 24 da 46 cikin 100, kuma faɗuwarsa ƙasa da haka alama ce ta ƙarancin jini.

Hanyar tana da iyaka. Tana kama ƙwayar ne idan ta yi yawa, wato lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa. Saniyar da ke ɗauke da ita a ɓoye takan fito kamar ba ta da komai. Haka kuma gurɓataccen rini kan bar ɗige-ɗigen da za su ruɗi wanda bai ƙware ba.

Cutar ruwan zuciya ba ta cika bayyana a shafen jini ba, tunda ƙwayar a bangon jijiya take zama. Akan tabbatar da ita ne bayan dabba ta mutu: a ɗauki ɗan yankin ƙwaƙwalwa, a murje shi tsakanin gilashi biyu, a rina, a nemi curin ƙwayoyin a cikin ƙananan jijiyoyi. Ana iya ganinsu har bayan kwana biyu da mutuwar dabbar, kuma fiye da haka idan an sa ƙwaƙwalwar a firji. Wannan aiki ne na likita kaɗai, domin dabbar da ta nuna alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa tana iya kasancewa da cutar haukan kare. Wadda kuma ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a buɗe ta kwata-kwata sai likita ya duba.

Gwajin garkuwar jiki

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jikin kan ƙera sinadaran kariya na musamman don yaƙar ta. Gwajin da ake kira ELISA waɗannan sinadarai yake nema a cikin ruwan jini. Ana iya gwada samfuri da yawa a faranti guda mai ramuka 96, shi ya sa ya dace da binciken garke ko na yanki baki ɗaya.

Abin da wannan gwaji ke nunawa shi ne dabbar ta taɓa haɗuwa da ƙwayar. Ba ya tabbatar da cewa ita ce ta kwantar da ita yau. Sinadaran kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin su bayyana, don haka dabbar da ta fara ciwo jiya tana iya fitowa babu komai. Wani lokaci kuma gwajin kan ruɗe tsakanin ƙwayoyi 'yan gida ɗaya, musamman dangin Ehrlichia da Anaplasma.

Gwajin ƙwayoyin gado

Kowace halitta tana da sinadarin gado da ake kira DNA, wanda tsarinsa ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Gwajin PCR yana neman wani ɗan yanki na DNA da aka san na ƙwayar da ake zargi ne, ya kwafe shi sau miliyoyi har na'ura ta iya gane shi. Masanin kimiyya Kary Mullis na Amurka ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1993. Irinta aka yi amfani da ita wajen gwajin korona.

A aikace, akan narkar da samfurin jinin da sinadarai, a tace DNA, a haɗa shi da wasu 'yan gutsattsari da aka ƙera don su dace da ƙwaya guda. Na'ura sai ta riƙa dumama haɗin tana sanyaya shi, zagaye 30 zuwa 40. Ga cutar ruwan zuciya, yankin da aka fi nema shi ne pCS20. Ga dangin Rickettsia akan nemi gltA da ompA, ga Coxiella kuma IS1111. PCR yana kama ƙwaya ko da kaɗan ce, har a jikin dabbar da ba ta nuna alamar ciwo ba. Akwai kuma dabarun da ke neman nau'o'i da dama a samfuri guda, da karanta jerin DNA ɗin kansa don tabbatar da ainihin nau'in.

Tsadar na'ura da sinadarai da bukatar wutar lantarki mai ɗorewa su ne cikas. Hakan ya sa ake sha'awar wata hanya mai suna LAMP, wadda masana a Japan suka bayyana a shekarar 2000. Tana aiki a zafi guda, kimanin 60 zuwa 65, ta ba da sakamako cikin kusan sa'a ɗaya, kuma ana iya ganin sakamakon ta sauyin launi.

Gwajin kaskar kanta

Ana gwada kaska ne don a san irin cututtukan da ke yawo a wani yanki tun kafin su yi ɓarna. Matakin farko shi ne gane nau'inta ta duba baki da baya da ƙafafu. Sai a wanke bayanta don kawar da ƙwayoyin da ta kwaso daga fata da ƙasa, a niƙa ta, a tace DNA, a yi PCR. Don rage kuɗi akan haɗa kaska da dama 'yan nau'i ɗaya a gwada su tare.

A nan ne aka fi yin kuskuren fassara. Kaskar da aka cire daga jikin saniya cikinta cike yake da jinin saniyar, don haka ƙwayar da aka gani tana iya zama ta cikin jinin ce kawai. Samun ƙwaya a jikin kaska bai isa hujjar cewa ita ke yaɗa ta ba. Shaidar ta fi ƙarfi idan an samu ƙwayar a jikin kaskar da aka kama a ciyawa ba ta sha jini ba, ko a cikin jakar yawunta. Haka kuma kaska da yawa suna da wasu bakteriya 'yan uwan Coxiella da ke zaune a jikinsu a ko da yaushe, waɗanda kan sa gwaji ya nuna kamar an samu ƙwayar zazzaɓin Q alhali ba ita ba ce.

Yadda ake karanta sakamako

Shanun gida irin su Bunaji da Rahaji da Bokolo sukan haɗu da waɗannan ƙwayoyi tun suna maruƙa, lokacin da jikinsu ke da juriya, su tashi da garkuwa. Saboda haka samun Anaplasma ta hanyar PCR a jikin lafiyayyen sa ba abin tashin hankali ba ne, kuma ba dalili ba ne na yi wa garke duka allura. Amma wannan san zai iya zama tushen cuta ga saniyar madara mai jinin Friesian da aka kawo daga inda babu kaska, wadda ba ta da wannan garkuwa. Haɗa irin waɗannan dabbobi a turke ɗaya ba tare da kula da kaska ba yana cikin hanyoyin da ake asarar dabba mai tsada.

Ana cewa ƙwaya ce ta jawo ciwo idan abubuwa sun haɗu: alamomin da ake gani, zafin jiki, kaurin jini, samuwar kaskar da ke yaɗa ta, da sakamakon gwaji. Sakamakon da ya ce ba a ga komai ba shi ma yana bukatar tambaya: wane gwaji aka yi, yaushe aka ɗebi jinin, kuma an riga an yi allura ko ba a yi ba?

Inda ake gwaji

A Najeriya, babbar cibiyar ita ce Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda tarihinta ya faro tun 1924, kuma tana da ƙananan ɗakunan gwaji a jihohi. Asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, su ma suna karɓar samfuri. A Nijar akwai LABOCEL a Yamai, a Kamaru akwai LANAVET a Garwa, a Burkina Faso kuma akwai cibiyar CIRDES a Bobo-Dioulasso, wadda ta daɗe tana bincike kan kaska. Dabbobin da ake kaiwa kasuwanni irin su Maigatari da Illela da Mubi da Potiskum suna ƙetare iyakoki tare da kaskar da ke jikinsu, shi ya sa aikin waɗannan cibiyoyi ya shafi juna.

Abin da ya kamata mai dabba ya yi

Duk dabbar da aka sayo daga kara a keɓe ta makonni uku zuwa huɗu, a duba hantsa da kunnuwa da ƙasan wutsiya da tsakanin kofato, a yi mata maganin kaska kafin ta shiga cikin sauran. Ma'aunin zafin jiki kayan aiki ne mai araha da ya kamata kowane turke ya mallaka. Idan dabba ta yi zazzaɓi, a kira likita ya ɗebi jini kafin a yi allura. Oksitetrasaikilin, wanda masu kiwo suka fi sani da allurar LA, yana aiki a kan Ehrlichia da Anaplasma idan an yi shi da wuri. A cutar ruwan zuciya likita ba ya jiran sakamako kafin ya fara magani, domin da zarar dabba ta fara tangaɗi da wuya ta tashi. Bayan allura a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha madarar ko a yanka dabbar, kuma kowace dabba a yi mata da sabuwar allura.

Mahauta da dillalai da masu kula da turke su ma suna cikin haɗari. Wanda ya yi zazzaɓi bayan cizon kaska, ko bayan taimaka wa akuya wajen haihuwa, kuma gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, ya gaya wa likita irin aikin da yake yi, ya nuna masa wurin cizon idan akwai tabo. Wannan bayani ne zai sa likitan ya yi tunanin waɗannan cututtuka, waɗanda galibinsu suna jin maganin doksisaikilin idan an fara shi a kan lokaci.